Yaya ake kai rahoton tangarɗar sigina a Linux ba tare da an yi watsi da shi ba?

Sabon_Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da wata 'yar manhaja da na rubuta da yaren C, aikinta shi ne ta haifi furoses (wato manhajoji da ke cikin gudana) masu aiki guda 64, ta zuba musu ido, duk wanda ya mutu ta kwashe gawarsa ta haifi wani a madadinsa. Ta yi kusan shekara biyu tana gudana a kan kanel na 6.1, wato zuciyar tsarin Linux, ban taɓa jin kanta ba. Watan jiya muka koma kan 6.6, kuma tun daga ranar abubuwa uku suka fara faruwa.

Na farko, gawarwakin furoses suna taruwa. Idan na duba da ps sai in ga wasu 'ya'yan a matsayin Z, sun mutu amma uwar ba ta kwashe su ba, kamar dai SIGCHLD, siginar da kanel ke aika wa uwa idan ɗanta ya mutu, ba ta iso ba ko kaɗan. Na sa ma'aunin ƙirga a cikin makarɓin siginar, wato sashen manhajar da ke tashi idan sigina ta iso, na kashe 'ya'ya 40 a lokaci ɗaya, sai na ga makarɓin ya tashi sau 11 kacal, wani gwajin kuma sau 17. Na biyu, bayan kwana uku ko huɗu uwar takan sandare gaba ɗaya, ba ta cin CPU, ba ta rubuta komai, sai an kashe ta da SIGKILL. Na uku, wanda ya fi ɗaure mini kai, wasu daga cikin 'ya'yan ba sa jin SIGTERM, siginar da ke neman furoses ya kammala ya fita. Waɗanda aka haifa tun farkon tashi suna mutuwa lami lafiya, amma waɗanda aka haifa daga baya sai su yi kunnen uwar shegu da ita.

Makarɓin nawa ba shi da yawa: yana kiran waitpid sau ɗaya don kwashe gawa, ya rubuta layi ɗaya da printf don in san wane ne ya mutu, sannan ya kira fork ya haifi wani ya maye gurbinsa. Da sigaction na ɗaura shi, kuma na cika sa_mask da sigfillset don kada wata sigina ta katse shi yana tsakiyar aiki.

Tun da ban taɓa ko harafi ɗaya a manhajar ba, kuma kanel ne kaɗai ya canza, zuciyata ta fi karkata ga cewa sabon kanel ɗin yana zubar da sigina. Ina son in kai rahoto, amma ban taɓa yi ba, kuma na ji ana cewa masu kula da kanel ba sa waiwayar rahoton da bai cika ba. Tambayata ita ce, ina ake kai irin wannan rahoto, me ya kamata ya ƙunsa, kuma yaya mutum zai gamsar da su alhali matsalar ba kullum take bayyana ba? Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya ba ni lokacinsa.

Dattijon_Unix ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: kada ka aika rahoton nan tukuna. Alamomi ukun da ka lissafa duka suna da bayani a cikin makarɓin da ka siffanta, kuma idan ka aika yadda yake, amsar da za ka samu ba za ta wuce a nuna maka shafin signal(7) na littafin jagora ba.

Mu fara da ƙirgen da ka yi. Siginoni na gargajiya, wato daga lamba 1 zuwa 31, ba sa yin layi. Kanel yana riƙe da su ne a matsayin alama ɗaya tak ga kowace lamba: ko tana jira, ko ba ta jira. Idan ɗa ya mutu aka ɗaga alamar SIGCHLD, sannan wasu 'ya'ya biyar suka mutu kafin uwar ta samu damar karɓa, alamar dai ɗaya ce, kuma makarɓi sau ɗaya zai tashi. Haka abin yake tun zamanin 4.2BSD na 1983, haka kuma POSIX, ƙa'idar da tsare-tsaren Unix ke bi, ya amince da shi. Saboda haka 11 cikin 40 da ka gani ba ɓatan sigina ba ne, haɗewa ce. Siginonin da ke yin layi su ne na SIGRTMIN zuwa SIGRTMAX, waɗanda a Linux suke daga 32 zuwa 64, ko da yake glibc, laburaren C da aka fi amfani da shi a Linux, ta riƙe 32 da 33 don amfanin kanta, shi ya sa za ka ga SIGRTMIN yana fara maka daga 34. SIGCHLD ba ta cikinsu. Maganin kuwa sananne ne: a cikin makarɓi a riƙa maimaita waitpid da -1 (kowane ɗa) da WNOHANG (kada ya tsaya jira) har sai ya dawo da sifili ko kuskure, ta yadda sigina ɗaya za ta kwashe duk gawar da ta taru.

Sandarewar uwar kuma, ina da kyakkyawan zaton printf ce. Sigina tana iya faɗowa a kowane lokaci, har da lokacin da babban sashen manhajar yake tsakiyar malloc, aikin da ke raba ƙwaƙwalwa, yana riƙe da makullinta. Idan makarɓi ya shigo ya kira wani abin da ke neman wannan makullin, to zai zauna yana jiran wanda ba zai taɓa saki ba, domin wanda ke riƙe da shi shi ne wanda aka katse, kuma ba zai ci gaba ba sai makarɓin ya gama. Wani lokacin ma ba sandarewa za a samu ba, lalacewar ma'adanar ƙwaƙwalwa za a samu, wadda ta fi muni tun da ba ta nuna kanta nan take. Shafin signal-safety(7) ya jera ayyukan da aka yarda a kira daga cikin makarɓi. Za ka ga write da waitpid da _exit a ciki, ba za ka ga printf ko malloc ko syslog ba. Shi kansa fork ɗin, duk da ya daɗe a jerin, an cire shi a POSIX na 2024 aka kawo _Fork, wanda glibc ta samar tun siga ta 2.34, saboda fork na glibc yana taɓa makullan malloc. Ka kuma tuna ka adana errno, ma'ajiyar lambar kuskure, a farkon makarɓi ka mayar da shi a ƙarshe, domin waitpid zai iya canza shi a ƙarƙashin ƙafar wanda aka katse. Idan ta sake sandarewa, kafin ka kashe ta ka haɗa manhajar binciken kuskure ta gdb da ita ka nemi bt, wato jerin kiraye-kirayen da ta yi, za ka ga inda take tsaye, kuma zan yi mamaki idan ba ka ga layin da ke nuna an kira makarɓin sigina a tsakiyar jerin ba.

Na ukun shi ne ya fi daɗin warwarewa, domin amsarsa tana cikin jumlarka ta ƙarshe. Lokacin da makarɓi ke gudana, kanel yana sa wa furoses takunkumi: yana toshe siginar da ake karɓa tare da duk abin da ke cikin sa_mask, kai kuma ka cika shi fal. Ɗan da aka haifa da fork yana gadon takunkumin uwarsa na wannan lokacin, kuma execve, kiran da ke ɗora wa furoses sabuwar manhaja, ba ya cire shi. Makarɓai ne execve ke mayarwa asali, amma siginar da aka toshe tana nan a toshe, wadda aka yi watsi da ita ma tana nan a haka. Ke nan 'ya'yan farko an haife su ne uwar tana sake, na baya kuwa an haife su daga cikin makarɓi, sun fito duniya da kunnuwa a toshe. SIGKILL da SIGSTOP ne kawai ke ratsa su, domin su biyun ba a iya toshe su, ba a iya kama su. Ba sai ka yarda da ni ba, ka buɗe /proc/PID/status na ɗaya daga cikin masu taurin kan, ka duba layin SigBlk na siginonin da aka toshe da layin ShdPnd na waɗanda ke jira. SIGTERM lamba 15 ce, don haka idan ka aika masa ita za ka ga 4000 a ƙarshen ShdPnd, tana zaune tana jiran a buɗe mata ƙofa.

Saura tambayar da ta fi cancanta: me ya sa sai yanzu? Ina so ka faɗa mana ko kanel ne kaɗai ya canza da gaske. Injin ɗaya ne? Yawan ƙwayoyin sarrafawa ɗaya ne? Sigar glibc fa? Kuma ko da kanel ne kaɗai, ka sani an sauya mai tsara jadawalin furoses a 6.6, aka maye gurbin CFS da EEVDF, wanda hakan kaɗai ya isa ya canza wa ke fara gudu bayan wa. Manhajar da ke da rige-rige a cikinta tana iya shekaru tana cin sa'a, ranar da lokaci ya ɗan gusa sai asirinta ya tonu, kuma ba za a kira wannan laifin kanel ba.

Mai_Faci ya rubuta:

Na yarda da binciken Dattijo a kan wannan manhajar, amma ina ganin bai kamata a bar ainihin tambayar ba amsa ba, domin kanel yana yin kuskure a sashen sigina, kuma wanda ya ci karo da na gaske yana buƙatar sanin hanya.

Misalin da nake so kowa ya nazarta shi ne na ƙarshen 2019. Masu haɓaka yaren Go suna shirya siga ta 1.14, wadda ta fara amfani da SIGURG wajen katse ayyukan da suka daɗe suna gudu, sai manhajojinsu suka fara rushewa jefi-jefi ba tare da wani dalili a fili ba. Austin Clements bai tsaya ga cewa Go tana faɗuwa a sabon kanel ba. Ya fitar da Go daga lissafin gaba ɗaya, ya rubuta gajeriyar manhaja da C wadda ke cika rajistocin AVX, wasu ƙananan ma'adanai a cikin ƙwayar sarrafawa, da wata ƙima, ta jawo sigina, sannan ta duba ko ƙimar ta dawo yadda take. Ba ta dawowa daidai. Ya nuna cewa abin ya fara ne daga 5.2, kuma yana bayyana ne idan an gina kanel ɗin da GCC 9, sannan yana buƙatar shafin da za a rubuta bayanan siginar a kansa ya kasance ba ya cikin ƙwaƙwalwa a lokacin. Da wannan a hannu, cikin 'yan kwanaki aka gano cewa kompaila tana adana wata ƙima da ta kamata a sake karantawa idan furoses ya koma wata ƙwayar sarrafawa, kuma gyaran ya shiga 5.3.15 da 5.4.2 da 5.5. Abin lura shi ne, wannan ma matsala ce da ba kullum take bayyana ba, irin wadda kake tsoron ba za a yarda da ita ba. Abin da ya sa aka yarda shi ne an miƙa wa masu gyara abin da za su gudanar da hannunsu su ga ɓarnar da idonsu.

Don haka zuciyar rahoton sigina ita ce ƙaramar manhajar gwaji: fayil ɗaya na C, ba laburaren waje, wadda ke maimaita yanayin sau dubbai har ya faru, ta kuma faɗa da kanta cewa ya faru. Ita kanta dole ta kasance mai tsabta, wato makarɓinta bai wuce ɗaga wata ƙima mai nau'in volatile sig_atomic_t ko kiran write ba, in ba haka ba mai karatu zai tsaya a kan kuskurenka ya manta da nasa. Sannan ka rubuta abin da ka sa ran gani da abin da ka gani, kuma ka kafa hujjar sa ran naka da POSIX ko da shafin jagora ko da halin tsohuwar siga. "Ina ganin bai kamata ba" ba hujja ba ce a wurinsu. Ka ƙara da sakamakon uname -a, nau'in injin, sigar glibc ko musl, sigar kompaila, fayil ɗin .config na kanel, da abin da ke cikin /proc/sys/kernel/tainted, wanda ake so ya zama sifili. Nau'in injin yana da muhimmanci sosai a nan, domin rabin aikin isar da sigina yana cikin kernel/signal.c ne, sauran rabin kuwa kowane nau'in inji da nasa, kamar arch/x86/kernel/signal.c, kuma hatta lambobin siginonin sun bambanta a MIPS da SPARC da Alpha. Ka riƙa kiran su da suna, ba da lamba ba.

Game da shaidar gani, umarnin strace da -f zai nuna maka kowace sigina da si_code da si_pid nata, wato dalilinta da wanda ya aiko ta, amma yana rage gudu ƙwarai har yakan ɓatar da rige-rigen da kake farauta. Wuraren bibiya na cikin kanel, signal_generate da signal_deliver, sun fi sauƙi, kuma na farkon yana faɗin ko an isar da siginar, ko an yi watsi da ita, ko an tarar da irinta tana jira. A matsalarka za ka ga na ƙarshen ne ya yi yawa.

Inda ake kaiwa kuwa ya danganta da kanel ɗin da kake kai. Idan na masu rarraba tsarin ne, su za ka fara tuntuɓa, domin sun ɗora nasu faci a kai, kuma masu kula da asalin kanel za su ce ka gwada a kan sabuwar sigar da ba a taɓa ba kafin su saurare ka. Idan ka gwada ya faru a can ma, ka gudanar da scripts/get_maintainer.pl a kan fayil ɗin da kake zargi, ya ba ka sunayen mutane da adireshin da za ka tura, ka aika saƙon rubutu tsantsa ba HTML ba, domin vger, injin da ke rarraba wasiƙun masu kanel, yana mayar da mai HTML. Idan kuwa abu ne da ke aiki a da ya daina, ka rubuta haka ƙarara a kan saƙon, ka sa adireshin masu bibiyar koma-baya da Thorsten Leemhuis ke kula da shi, kuma ka yi git bisect don gano sauyin da ya jawo matsalar. Tsakanin siga biyu masu bin juna akwai sauye-sauye sama da dubu goma, amma da yake kowane gwaji yana raba su biyu, gini goma sha huɗu ko sha biyar ya isa ya kai ka kan guda ɗaya. Wahalarsa a matsalar sigina ita ce ka ce siga tana da lafiya alhali sa'a ce ta yi, kuskure ɗaya irin wannan kuma zai kai ka ga zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Ka auna tsawon lokacin da matsalar ke ɗauka kafin ta bayyana a siga mara lafiya, ka ninka shi sau da yawa kafin ka wanke kowace siga.

Akwai wuri ɗaya da zan ɗan saɓa wa Dattijo. Dokar Linus Torvalds ta cewa ba a karya manhajojin masu amfani tana da faɗi, har takan kare manhajar da ta dogara da halin da ba a rubuta ba. Amma ba na jin za ta kare wadda ta dogara da sa'ar lokaci, don haka a ƙarshe wuri ɗaya muka sauka.

Malama_Kqueue ta rubuta:

Malamai sun yi bayani mai gamsarwa, zan ƙara abu biyu ne kawai.

Na farko, ko da yake tambayar a kan Linux take, ba kowa ne ke kan Linux ba. FreeBSD tana karɓar rahoto ta Bugzilla nata, wato shafin shigar da rahoton tangarɗa, OpenBSD tana da umarnin sendbug wanda ke haɗa bayanan injin da kansa, NetBSD kuma send-pr. A waɗannan tsare-tsaren kanel da laburaren C gida ɗaya suke, don haka ba ka da wahalar tantance wa za ka kai wa, saɓanin Linux inda matsalar da ta shafi sigaction ko pthread_kill za ta iya zama ta glibc, wadda ke da nata wurin rahoto daban. Kayan aikin su ne ktrace da kdump, sannan a FreeBSD procstat da -i ko -j yana nuna halin siginonin furoses da na zarensa. Gudanar da manhajar gwaji ɗaya a tsari biyu ko uku dabara ce mai arha: idan duka sun yi abu ɗaya, kusan tabbas fahimtarka ce ke da gyara. Manhajar ɗan'uwanmu za ta tara gawarwaki a FreeBSD kamar yadda ta tara a Linux.

Na biyu ya fi nauyi. Kafin ka wallafa rahoton sigina a bainar jama'a, ka tambayi kanka ko wani na iya amfani da shi ya kutsa. A ranar 1 ga Yuli 2024 kamfanin Qualys ya bayyana CVE-2024-6387 a sshd na OpenSSH, manhajar da ke karɓar masu shiga inji daga nesa. Idan mai shiga bai kammala tantancewa ba cikin daƙiƙa 120 na LoginGraceTime, SIGALRM tana tashi, makarɓinta kuma yana kaiwa ga syslog, wadda a glibc take kiran malloc da free. Irin kuskuren printf ɗin nan ne sak, sai dai a nan ya ba da damar gudanar da umarni a matsayin root, mai cikakken iko a kan injin, daga nesa, ko da yake a gwajinsu na injin 32-bit sai da aka kwashe awa shida zuwa takwas ana ƙoƙari. Abin takaici, an taɓa gyara irinsa a 2006 a ƙarƙashin CVE-2006-5051, sai wani sauyi na 2020 ya dawo da shi a 8.5p1, ya zauna har aka rufe shi a 9.8p1. OpenBSD ita kanta ba ta kamu ba, domin makarɓinta syslog_r yake kira. Idan abin da ka gano yana rusa kanel, ko yana ba mara izini damar aika sigina ga furoses ɗin wani, ko yana fitar da bayanan ƙwaƙwalwar kanel ta cikin abin da ake rubuta wa makarɓi, to ta adireshin tsaro na sirri ake fara bi, wanda a Linux shi ne security@kernel.org, a ba su lokaci su gyara.

Malam Mai_Faci, misalinka na Go ta Bugzilla na kanel ya shiga, amma kada masu karatu su ɗauka nan ce ƙofar da aka saba. Takardar reporting-issues da ke cikin kanel ɗin ta faɗa a sarari cewa yawancin sassa ba sa duba can, sai wanda fayil ɗin MAINTAINERS ya nuna haka.

Sabon_Hannu ya rubuta:

Allah ya ƙara muku ilimi, ya saka da mafificin alheri. Na bi abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya, kuma dole in amsa cewa na yi gaggawar zargi.

Ranka ya daɗe Dattijo, kun yi gaskiya a tambayar da kuka yi mini. Ba kanel ne kaɗai ya canza ba: tsohon injin ƙwayoyi 4 ne, sabon kuwa 16, ban kawo shi a lissafi ba ne kawai don na ɗauka ƙarin ƙarfi ba zai haifar da matsala ba. Na ɗora tsohon kanel na 6.1 a sabon injin, gawarwakin suka taru kamar yadda suke yi a 6.6. Da na aika rahoton da na yi niyya, da na sa mutane neman koma-bayan da babu shi. SigBlk na 'ya'yan baya ya nuna fffffffe7ffbfeff, na farkon kuwa sifili ne gaba ɗaya, kuma da na lissafa sai na ga guraben da ba a toshe ba su ne 9 da 19 da 32 da 33, daidai da bayaninku. Jiya ma uwar ta sandare, gdb ya nuna fork daga cikin makarɓi yana jiran makullin malloc, a ƙasansa kuma ga malloc ɗin da aka katse. Ke nan fork ne ya riga printf kama ni.

Yanzu ina so in cire aiki daga makarɓi gaba ɗaya. Na karanta game da signalfd, wadda ke mayar da sigina abin karantawa kamar fayil, ta yadda zan haɗa ta da epoll da nake amfani da ita wajen sa ido a kan fayiloli da yawa a lokaci ɗaya. Shin ita ce ta fi, ko in yi dabarar bututu, inda makarɓi ke rubuta baiti ɗaya kawai babban zagayen ya karanta? Kuma na ajiye 'yar manhajar gwajin da na rubuta bisa shawarar Malam Mai_Faci, layi 60 ce, ita ce ma ta nuna mini cewa haɗewar tana faruwa a kowace sigar da na gwada.

Dattijon_Unix ya rubuta:

Madalla, ɗan'uwa. Idan Linux kaɗai kake nufi, signalfd ta wadatar, tana nan tun 2.6.22 a 2007. Idan kana son manhajar ta gudana a BSD ma, dabarar bututu ta fi, sai dai ka sa bakin rubutun ya zama O_NONBLOCK don kada makarɓi ya maƙale idan bututun ya cika.

Abu biyu za ka kiyaye da signalfd. Ba ta hana haɗewa, don haka bayan kowane karatu sai ka maimaita waitpid da WNOHANG har gawa ta ƙare. Sannan tana buƙatar ka toshe siginar da sigprocmask tun farko, kafin ka ƙirƙiri kowane zare, kuma wannan toshewar 'ya'yanka za su gada, wato ramin da ka fito daga ciki ne ta wata ƙofar. Ka mayar da takunkumin asali a cikin ɗan bayan fork kafin execve, ko ka yi amfani da posix_spawn tare da posix_spawnattr_setsigmask da tutar POSIX_SPAWN_SETSIGMASK. Tun da kana kan 6.6 kana iya duba pidfd_open ma, wadda ta shigo a 5.3: kowane ɗa yana samun nasa abin sa ido a epoll, ka kwashe shi da waitid da P_PIDFD, SIGCHLD ba ta shigo cikin lissafin ba. Bayan ka gyara, ka sake duba SigBlk na ɗan da aka haifa daga baya, ya kamata ka ga sifili goma sha shida.